Dashen Wasa

A cikin unguwannin Damagaram, kamar yadda yake a Maraɗi da Tawa da Yamai, akwai wasu ƴan ɗakuna waɗanda ba a rubuta musu suna a ƙofa ba, amma babu yaron da bai san hanyarsu ba. Benci biyu ne ko uku, da talabijin bisa tebur, da akwatin wasa na PlayStation a ƙarƙashinsa, da wayoyi biyu da suka miƙo zuwa hannuwan masu wasa. Yaro ya ba da dala 10 ko 20, ya karɓi abin riƙon nan da suke kira manet, ya zauna har a cinye shi, sannan ya tashi ya ba na bayansa wuri. A irin wannan ɗaki ne wani malamin lissafi na kolej ya riƙa tsinto ɗan ƙanwarsa bayan sallar isha'i, a shekarar da yaron zai zauna jarrabawar BEPC.

Yaron a gidansa yake zaune tun shigarsa kolej, domin iyayensa suna ƙauye, kuma amanar da ƙanwa ta danƙa wa yayanta ba abin sakaci ba ce. Malam ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya hana kuɗin kashewa, duk a banza. Daga ƙarshe sai ya koma ga ciniki. Wata rana bayan cin tuwon dare ya ce masa: "Ka bar fitar dare, ka kama karatunka. In Allah ya ba ka sa'a ka ci jarrabawa, wasan nan da ke ɗauke maka hankali ni zan kawo maka shi har cikin gida." Yaron ya ɗaga kai ya ce: "Kawu, da gaske?" Malam ya tambaye shi ko ya taɓa yi masa alkawari ya saɓa. Yaron ya ce a'a. Daga wannan dare bai sake fita ba, kuma da sakamako ya fito sunansa yana cikin waɗanda suka ci.

Malam ya yi lissafinsa irin na masu albashi. Akwatin wasa, wasa kaɗai yake yi. Shi kuwa ya daɗe yana bukatar kwamfuta domin buga tambayoyin jarrabawa da tattara makin ɗalibai. Ya kuma samu labarin cewa wasan da yaron ke so, wanda aka fara yi domin akwati, ana sayar da irinsa na kwamfuta. Suna ɗaya, hoton bango ɗaya, kamfani ɗaya. Saboda haka ya tafi wurin wani Alhaji maƙwabcinsa mai shago a kasuwa, ya ɗauki kwamfuta ta hannu wadda ta fito daga Faransa, bisa sharaɗin biya uku. Wasan kuwa bai yarda da kwafin sata ba, domin yana ganin bai dace mai hana satar amsa a aji ya shigo da kayan sata gidansa ba. Wani abokinsa a Yamai mai katin banki ya biya masa ta intanet, shi kuma ya aika masa da kuɗin. Sauke wasan ya ci darare da dama, ya kuma ci kuɗin intanet da Malam bai sa a lissafi ba.

Daren da aka kunna, yaron ya yi wanka ya sa rigarsa ta salla, ya kira abokansa biyu. Abin da ya bayyana a fuskar kwamfuta bai yi kama da abin da suka sani ba. Hoton ya fito dishi-dishi kamar gari a ranar hazo. Jarumin wasan yana tafiya yana tsayawa, tamkar jakin da aka yi wa kaya fiye da ƙima. In an motsa linzami kaɗan, sai ganin ya yi jinkiri, can kuma ya zabura ya wuce inda ake nufi. Rubutu ya riƙa fitowa yana umartar a danna wani maɓalli mai launi, alhali babu maɓalli mai launi ko ɗaya a jikin kwamfutar. Haruffan tafiya kuma sun watsu, ɗaya a layin sama, ɗaya a layin ƙasa, har yatsun yaron suka harɗe. Kafin a yi minti 20 wasan ya rufe kansa, ba sallama. Aka sake kunnawa, ya sake rufewa.

Abokan suka yi sallama suka tafi, kuma kowa ya san inda suka nufa. Yaron ya zauna shiru na ɗan lokaci, sannan ya rufe kwamfutar a hankali ya ce: "Ba komai, Kawu. Na gode." Da ya yi kuka ko ya yi ƙorafi, da abin ya zo wa Malam da sauƙi. Godiyar nan ita ta hana shi barci, domin ya ji a cikinta cewa yaron ya yanke hukunci: kawunsa ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙarfinsa ne bai kai ba.

Da gari ya waye Malam ya ɗauki kwamfutar ya nufi kasuwa, zuciyarsa ta riga ta sami mai laifi. Ya ajiye ta a gaban Alhaji, ko gaisuwa bai cika ba, ya ce: "Alhaji, kayan da ka ba ni ba su da lafiya, kuma ina jin ka sani." Alhaji ya dube shi ya ce: "Malam, shekara nawa muna haɗa sahu a masallaci ɗaya? In ka ce ta lalace, a duba ta. Amma kada ka ce na sani." Magana ta yi tsawo a gaban mutane. Malam ya ɗauki kayansa ya fita, ya kuma ƙudurta cewa ba zai cika biya na uku ba. Makonni suka wuce, maƙwabta biyu suna gaisawa da hannu daga nesa, matansu kuma suka rage shiga gidajen juna.

Wanda ya warware ƙullin wani tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a jami'a ya dawo ya buɗe ɗan shagon gyara. Ya buɗe na'urar, ya auna zafinta, ya gwada ƙwaƙwalwarta da katin hotonta, bai sami aibu ba. Sannan ya sa mata wani wasa dabam, wanda ya fi na yaron nauyi da yawan hoto, wasan ya tafi sumul kamar ruwa a kwararo. Ya juyo ya ce: "Malam, na'urarka lafiya lau take. Dashen ne bai kama ba." Malam ya nemi bayani. Saurayin ya ce ai ya san yadda manoman Galmi ke yi da albasa: ana yafa iri a wuri guda, in ya yi ƙwari a cire shi a kai fangali. Wanda ya fizge shi da gaggawa, ya tsinke saiwa, ya dasa da tsakar rana, kada ya zargi ƙasa in ganye ya yi yaushi. Wasan nan, in ji shi, an shuka shi ne a akwati; kawo shi kwamfuta dashe ne, kuma dashe aiki ne mai zaman kansa.

Wannan kalma ta zauna wa Malam a rai, kuma kasancewarsa mutum mai son sanin dalilin abu, ya shafe sauran hutun yana karatu yana komawa shagon da tambayoyi. Abu na farko da ya gane shi ne cewa akwatin wasa na'ura ce mai siffa ɗaya. PlayStation 2, wadda ta fito a Japan a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 nata, amma a wurin mai rubuta wasa dukansu kamar guda ɗaya suke: ya san ƙarfin ƙwaƙwalwarta, ya san girman ma'ajiyarta, ya san abin da ke hannun mai wasa. Kamar tela ne da ya auna mutum ɗaya ya yanka yadi daidai jikinsa. Kwamfuta kuwa ba ta da siffa ɗaya. Katin hoto kaɗai kamfanoni uku ke yin zuciyarsa, Nvidia da AMD da Intel, kowanne da ire-ire masu yawa, tsofaffi da sababbi. Ga bambancin ƙwaƙwalwa, ga bambancin ma'ajiya, ga bambancin manhajar da ke tuƙa kowane sashe. Mai dashe dole ya kwance rigar da aka ɗinka wa mutum ɗaya, ya mai da ita wadda za ta shiga jikin dubban mutanen da bai taɓa gani ba.

A wasu zamunna ma harshen na'urorin ya bambanta tun daga tushe. Xbox 360 ta 2005 da PlayStation 3 ta 2006 suna da ƙwaƙwalwar da ba danginta ɗaya da ta kwamfutocin gida ba. Ta PlayStation 3, mai suna Cell, wadda Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera, ta yi suna wajen wuyar sha'ani. Wasan da aka gina bisa dabarunta sai an sake rubuta manyan sassansa kafin ya yi aiki a wani wuri. Daga 2013, da fitowar PlayStation 4 da Xbox One, akwatunan suka koma amfani da ƙwaƙwalwar AMD, ƴar gida ɗaya da ta kwamfuta, har mutane da yawa suka ɗauka matsala ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin akwai sauran bambanci a ciki. A akwati, ƙwaƙwalwa da sashen hoto rumbu ɗaya suke ɗiba. PlayStation 5 ta 2020 tana da giga 16 da suke rabawa yadda wasa ya so. A kwamfuta rumbu biyu ne, kowanne da ƙofarsa, kuma sai an yi ta jigilar kaya daga wannan zuwa wancan. In mai dashe bai tsara jigilar ba, rumbun katin hoto ya cika, wasa ya fara tuntuɓe.

Akwai kuma wasu ƙananan umarni masu gaya wa katin hoto yadda zai zana haske da inuwa da ruwa da fatar mutum. Tun da katin akwati sananne ne, ana dafa waɗannan umarni tun a kamfani, a kawo su a shirye. A kwamfuta kuwa sai an dafa su a gidan mai saye, daidai da katinsa da manhajarsa. Ko dai wasa ya tsaya ya dafa su gaba ɗaya kafin a fara, mai wasa ya jira. Ko kuwa ya riƙa dafa kowanne a lokacin da aka bukace shi, hoto ya riƙa daskarewa na ɗan ƙiftawar ido duk sa'ad da sabon abu ya bayyana. Wannan shi ne tushen tsaye-tsayen da ke ɓata wa masu kwamfuta rai ko da na'urarsu mai tsada ce.

Abin da ya fi burge Malam, a matsayinsa na mai koyar da lissafi, shi ne batun lokaci. Wasa jerin hotuna ne masu saurin wucewa, sau da yawa 30 ko 60 a sakan guda. Mai rubutu da ya tabbata akwatinsa hoto 30 zai bayar yana iya ƙidaya lokaci da hotuna maimakon agogo, kamar mai auna tafiya da taku domin ya san tsawon ƙafarsa. Ranar da aka kai wasan inda hotuna suka ninka, duk abin da aka ɗaura a jikinsu sai ya rikice. Haka ya faru da Dark Souls II na 2014: masu buga shi a kwamfuta da hoto 60 suka lura makamansu na saurin lalacewa fiye da na masu akwati, ba a kuwa gyara wannan ba sai a 2015. Saints Row 2, wanda ya zo kwamfuta a farkon 2009, an ɗaura saurinsa ne ga bugun ƙwaƙwalwar Xbox 360, saboda haka a kwamfutar da bugunta ya bambanta sai lokacin wasan ya karkace, motoci su yi gudun da ba a iya sarrafawa.

Sai batun hannu. Sandar manet tana auna inda aka karkata ta da yawan karkatar. Linzami yana auna nisan da aka ja shi. Ma'auni biyu ne dabam, kuma malalacin dashe yakan sa linzami ya yi kwaikwayon sanda, shi ya sa ganin ke jinkiri sannan ya zabura. Haruffan da suka harɗe yatsun yaron kuwa suna da nasu tarihi. A allon rubutu na Ingilishi, W da A da S da D suna zaune wuri guda ƙarƙashin hannun hagu, shi ya sa aka mai da su haruffan tafiya. A allon Faransanci, wanda shi ya fi yawa a makarantu da ofisoshin Nijar, Z da Q ne ke zaune a mazaunin W da A. Wasan da aka yi da kula yana duba mazaunin maɓalli. Wanda aka yi da gaggawa yana duba harafin da ke kansa. Layuka kaɗan na rubutu ke raba su, amma sai mai rubutun ya tuna cewa akwai masu saye a Faransa da Beljiyam da ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci.

Da ya shiga tarihin al'amarin, Malam ya tarar abin da ya same shi ba sabo ba ne, kuma bai tsaya ga masu kwamfuta ta hannu ba. Resident Evil 4, wanda ya fito a GameCube a 2005 ya sha yabo a ko'ina, ya zo kwamfuta a 2007 ba ya karɓar linzami ko kaɗan, kuma babu yawancin haske da inuwar da suka ba shi kwarjini, sai da aka biyo shi da faci. Grand Theft Auto IV ya iso kwamfuta a watan Disamba na 2008, wata bakwai bayan akwatuna, da nauyin da ya durƙusar da manyan na'urorin zamanin, ga kuma wasu manhajoji na rajista da na tsaron sata da aka tilasta wa mai saye ya ɗora kafin ya fara. Mai kwafin halal shi ya fi shan wahalar matakan da aka kafa domin ɓarawo.

Labarin Dark Souls na farko ya fi kowanne tsaya masa. Wasan ya fito a akwatuna a 2011, masu kwamfuta fiye da dubu 90 suka sa hannu a takardar roƙo a kawo musu shi. Kamfanin FromSoftware na Japan, wanda bai ɓoye ƙarancin gogewarsa da kwamfuta ba, ya fito da shi a watan Agusta na 2012, amma a ɗaure: ɗigo 1024 a faɗi da 720 a tsaye, hoto 30 a sakan, komai girman fuskar kwamfuta da ƙarfinta. Wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Ostiriya, Peter Thoman, wanda aka fi sani da laƙabin Durante, ya fitar da wani ɗan faci mai suna DSfix tun a ranakun farko, ya kwance ɗaurin hoton, ya raba shi kyauta. Shekaru da dama duk wanda ya sayi wasan sai a ce masa ya fara neman facin. Irin haka ta faru da NieR: Automata, wanda ya zo kwamfuta a 2017: facin wani mai sha'awa ne ya riƙe shi, gyaran kamfani bai iso ba sai a 2021.

A 2015 ne abin ya kai inda ba a iya rufe shi. Batman: Arkham Knight ya fito ranar 23 ga Yuni, na akwati lafiya, na kwamfuta yana sarƙewa har a na'urori masu tsada. Cikin kwana biyu kamfanin Warner Bros ya dakatar da sayar da shi, bai dawo kasuwa ba sai ƙarshen Oktoba, daga baya kuma aka buɗe ƙofar mayar da kuɗi har ƙarshen shekara. Ba a rasa dalilin wannan saurin ba: a farkon watan Yunin nan ne kasuwar Steam ta kafa dokar mayar da kuɗi ga wanda bai wuce kwana 14 da saye ba, bai kuma buga fiye da awa 2 ba. Ƙorafi ya daɗe yana tashi ba a ji ba. Da kuɗi suka fara komawa aljihun masu su, sai aka ji. Duk da haka darasin bai zauna ba. A watan Maris na 2023 The Last of Us Part I ya zo kwamfuta, wasu suka share fiye da awa guda suna jiran a gama dafa umarnin hoto, wasan kuma ya riƙa rufe kansa, sai da aka yi ta jera masa faci wata da watanni.

Malam bai so ya maimaita kuskurensa na kasuwa ba, wato ya kama mai laifi kafin ya gama bincike, don haka ya tambayi tsohon ɗalibinsa ko masu wannan aiki ba su iya ba ne. Saurayin ya ce yawanci iyawa ba ita ce ta gaza ba. Sau da yawa kamfani yakan miƙa dashen ga wani ƙaramin kamfani na waje, da ranar gamawa da ba ta motsi, da kuɗi ƙalilan, da mutane kaɗan, ga kuma na'urori iri-iri da ya kamata a gwada a kai ba a samu lokaci ba. Shaidar haka ita ce wasa ɗaya yana iya lalacewa a hannu ɗaya ya gyaru a wani: Resident Evil 4 da aka sake dasawa a 2014 ya zo da linzami da hoto 60. Kamfanin Nixxes na ƙasar Holan, wanda dashe ne sana'arsa, Sony ta saye shi a 2021, kuma Spider-Man da ya kawo kwamfuta a 2022 ya sami yabon masu saye. Shi kansa Thoman daga baya ya kafa kamfani mai suna PH3, yana dasa wasannin Japan da kuɗinsa da sunansa a jiki. Inda aka ɗauki dashe sana'a, aka ba shi lokaci da haƙƙinsa, yana kamawa. Inda aka ɗauke shi kwafi, wato a zuba abu daga wannan ƙwarya zuwa waccan, sai ya yi yaushi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya karɓi cikakken kuɗi bisa suna ɗaya da hoton bango ɗaya ya ɗauki alkawarin wasa ɗaya.

Amma abin da ya fi damun Malam bai shafi kamfanoni ba. Ya lura cewa mugun dashe ba ya faɗa wa kowa da nauyi ɗaya. Mai saye a Turai ko Amurka, in wasa ya sarƙe, yana da abokai masu irin na'urarsa da zai kwatanta da su, yana da jaridun da suka gwada suka faɗi gaskiya, yana da katin bankinsa da zai nemi kuɗinsa da shi, facin giga masu yawa kuma yana sauka kafin ya gama shan shayi. Wanda ya saya da katin aboki, ya sauke cikin darare, yake sayen intanet da awo kamar mai sayen gero da tiya, a wurinsa kalmar "za a gyara daga baya" wani sabon biya ce. Fiye da wannan, shi ba ya ma kawo wa ransa cewa aibun daga can ya taso. Ya saba jin cewa kayansa tsofaffi ne, wutarsa ba ta tsayawa, saninsa kaɗan ne, saboda haka in abin da ya fito daga babban kamfani ya ƙi aiki, sai ya dubi kansa, ko ya dubi na kusa da shi. An ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. A nan kuwa tudun yana hayin teku, ba a hango shi, sai aka kama maƙwabci. Malam ya san wannan hali tun a aji: in tambaya ta zo a karkace, ɗalibi mai ladabi ba ya cewa tambaya ce ba daidai ba, cewa yake kansa ne ba ya ja.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam ya sa cikon kuɗin biya na uku a aljihu, ya sayi goro, ya bi Alhaji har ƙofar gida. Ya ce: "Alhaji, na zo neman gafara. Kayanka lafiyarsu ƙalau. Na faɗa maka magana a gaban mutane ba da sani ba, kuma gobe zan je shagon in janye ta a gabansu." Alhaji ya karɓi goron, ya ɓare ɗaya ya miƙa masa rabi, ya ce: "Malam, ya wuce. To wane ne mai laifin?" Malam ya ce wasu mutane ne a wata ƙasa mai nisa, waɗanda aka ba aikin wata shida aka ce su gama a wata biyu, ko kuwa wanda ya ba su aikin. Alhaji ya yi dariya ya ce ai wannan ko a wurin magina ana ganinsa.

Wasan kuwa, tsohon ɗalibin ya nemo masa wani faci da masu sha'awa suka rubuta suka raba kyauta, ƙarami ne, bai ci kuɗin intanet ba. Ya ƙi ɗora shi da hannunsa. Ya zaunar da yaron, ya nuna masa fayil ɗin da ke riƙe da tsarin wasan, ya ce ya karanta layi-layi ya nemo inda aka ɗaure girman hoto da inda aka rubuta haruffan tafiya. Yaron ya daɗe yana dubawa, sannan ya goge W ya sa Z, ya goge A ya sa Q. Da aka kunna, hazon ya washe, jarumin ya miƙe ya tafi inda aka nufa da shi. Bai daina rufe kansa gaba ɗaya ba, amma yakan kai awa guda ko biyu.

Yaron bai bar zuwa ɗakin wasa na unguwa ba, domin can abokansa suke, kuma benci da ihu ba su cikin abin da ake dasawa. Sai dai yana dawowa kafin isha'i. Wani dare Malam yana gyaran takardun ɗalibai a tsakar gida, ya jiyo shi a zaure yana yi wa wani abokinsa bayani, wanda kwamfutar yayansa ta ƙi ɗaukar wani wasa, har yayan yana shirin mayar da ita ga mai shago. Yaron yana cewa: "Ku dakata tukuna. Ku fara gwada ta da wani wasan. In ta ɗauka, to ba ita ba ce." Malam bai ce komai ba. Ya gyara zaman fitila, ya ɗauki takarda ta gaba.